Neman Shaidar Rasuwar Ɗan'uwa a Ƙasar Waje

Wanda bai daɗe da sauka Birtaniya ko Amurka ba yakan tarar an ɗora masa nauyin da bai zata ba. 'Yan'uwa za su kira shi su ce, tunda Allah ya kai shi can, ya bincika musu labarin wani kawu da aka daina jin ɗuriyarsa shekara da shekaru, ko ya samo takardar rasuwar wani da ya cika a can domin a raba gado. Aikin yana yiwuwa, domin dokar waɗannan ƙasashe ta wajabta rubuta kowace mutuwa a rajista, amma wanda bai san ofishin da zai dosa ba sai ya ɓata watanni yana lalube a intanet.

Sanarwar rasuwa daban, takardar shaidar mutuwa daban, kuma rashin gane wannan shi ya fi wahalar da masu nema. Sanarwar da ake gani a jarida ko a shafin kamfanin shirya jana'iza, iyalan mamaci ne suke rubuta ta, galibi su biya kuɗin bugawa, kuma babu dokar da ta tilasta musu. Musulmi da yawa ana binne su cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar a masallaci da zaurukan WhatsApp, shi ke nan. Saboda haka idan aka duba Legacy.com, inda ake tara sanarwoyin jaridun Amurka, ba a ga sunan mutum ba, wannan bai nuna yana raye ba. Idan kuma an gani, banki da kamfanin inshora da ofishin fansho da kotu ba za su karɓi sanarwar a matsayin hujja ba. Amfaninta shi ne ta faɗi ranar rasuwa da garin da aka rasu, kuma da waɗannan biyun ake buɗe rajistar hukuma, domin ana rubuta mutuwa ne a inda ta auku, ko da mamacin a wani gari yake zaune.

A Ingila da Wales lamarin yana da sauƙi ƙwarai. Tun ranar 1 ga Yuli 1837 ake rajistar mutuwa, kuma kowa yana iya neman kwafin takardar, ba sai ya nuna dangantaka ba. Ana nema daga ofishin rajista na yankin da aka rasu, ko daga babban ofishin ƙasa, General Register Office, ta shafin gwamnati na gov.uk. Sikotland tana da nata ofishin, da rajistar da ta faro daga 1855, ita ma Ireland ta Arewa nata daban ne, don haka wanda ya rasu a Glasgow ba za a same shi a kundin Ingila ba. Idan takardar ta zo hannu, ina ba da shawara a karanta ta da natsuwa har ƙasa. Ban da sanadin mutuwa da adireshin mamacin, akwai suna da adireshin wanda ya kai rahoton rasuwar. Wannan mutum yakan zama mata ko ɗa ko wanda ya kasance tare da mamacin a kwanakinsa na ƙarshe, kuma wataƙila shi kaɗai ya san inda kabarin yake da abin da aka bari.

Batun dukiya ma yana da nasa kundin. Duk izinin da kotu ta bayar na kula da dukiyar mamaci a Ingila da Wales tun daga 1858 ana iya bincika shi, kuma wasiyyar da kotu ta tabbatar kowa na iya neman kwafinta. Wanda ya rasu ba wasiyya, ba a kuma san danginsa ba, dukiyarsa takan koma hannun hukuma, amma magada suna da damar neman haƙƙinsu har shekara 30 daga ranar rasuwa, muddin sun kawo hujjar dangantaka.

A Amurka babu ofishi guda na tarayya da ke ba da takardar mutuwa. Kowace jiha tana da nata ofishin da nata ƙa'idojin, har birnin New York ma kundinsa daban yake da na jihar New York. Jihohi da yawa ba sa ba da kwafi mai hatimi sai ga dangi na kusa ko wanda ya nuna yana da haƙƙi a shari'a. A Teksas sai bayan shekara 25 rajistar take buɗewa ga kowa. A Fulorida kowa yana iya samun takardar, amma ba tare da sanadin mutuwa ba, sai an cika shekara 50. Kalifoniya kuwa tana ba wanda ba dangi ba kwafi na sanin bayani kawai, wanda ba ya tsayawa a matsayin shaidar tabbatar da mutum. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da shafi da ya jera adireshin ofishin kowace jiha da abin da yake buƙata, kuma daga nan ya kamata a fara. A Faransa, kowa na iya neman takardar kyauta daga ofishin magajin garin da aka rasu, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INSEE, ta buɗe jerin waɗanda suka rasu tun daga 1970.

Inda binciken mutanenmu ya fi cijewa shi ne suna. Rajista tana bin abin da ke cikin fasfo ko abin da mai kai rahoto ya faɗa, wanda sau da yawa ya saɓa da sunan da dangi suka saba kira. Muhammad yana iya fitowa Mohammed ko Mohamed, Abubakar ya zama Aboubacar a takardun Faransanci, wani lokaci kuma an juya sunan uba ya koma gaba. Ranar haihuwar da ke fasfo ma tana iya bambanta da wadda dangi suka sani. Kafin a fara, a roƙi 'yan'uwa su turo hoton kowace tsohuwar takarda da mamacin ya bari, ko da ambulan ne mai adireshi, sannan a gwada kowane salon rubuta sunan. Idan duk da haka ba a dace ba, a je babban masallacin garin da ya zauna a tambayi masu kula da jana'iza, a kuma tambayi ofishin maƙabartar da ke da sashen Musulmi, domin suna ajiye littafin kaburbura da lambobinsu.

Idan rasuwar ta zo ba zato ko ba a san sanadinta ba, a Ingila jami'in binciken mutuwa, wanda suke kira coroner, yakan riƙe lamarin, kuma rajistar ƙarshe tana iya jinkiri na watanni. A wannan tsakani yakan ba da takardar wucin-gadi, wadda ake iya fara harkar banki da kotu da ita.

A guji shafukan dillalai masu kama da na hukuma, waɗanda ke karɓar kuɗi mai yawa su nemo abin da mutum zai iya nema da kansa. A nemi kwafi mai hatimi fiye da ɗaya tun farko, domin ofisoshi da dama ba sa karɓar hoto. Idan kuma za a aika takardar wata ƙasa don rabon gado, a fara tambayar kotun da za ta yi aiki da ita ko tana buƙatar hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci, a kammala wannan kafin a saka ta a gidan waya.