Keke ba jaki ba ne: kurakuran ɗaura kaya a doguwar tafiya

Na gaji da ganin abu guda yana ta maimaituwa. Mutum ya sayi keke mai kyau, ya sayi tanti da jakar barci da risho, ya tsara tafiyar kwana goma, sai ranar tashi ka gan shi ya jibga komai a kan kariyar baya kamar mai ƙaura. Kafin kwana biyu ya fara zagin keken, alhali keken bai yi masa komai ba.

Wannan jibgi a baya shi ne babban laifin, kuma ni ma na ɗanɗana kuɗarsa. Ko ba kaya, tayar baya ce ke ɗauke da fiye da rabin nauyin mahayi. Ka ƙara mata kilo 20 ko 25, ka kuma tara su sama, sai tayar gaba ta yi sakayau. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka lura ba. Gangara ce za ta tona asirin. A tafiyata ta farko, rana ta uku, ina saukowa daga wani dogon tudu kan keken ya fara karkarwa hagu da dama kamar mai zazzaɓi, ina ƙara damƙewa yana ƙara tsananta. Da ƙyar na tsaya. Daga baya na koyi cewa idan hakan ta faru, matse ƙarfen saman firam ake yi da gwiwoyi, a sassauta riƙo, a rage gudu a hankali. Amma ranar ban sani ba, Allah ne kawai ya yi da sauran kwana.

Washegari sifok biyu suka karye a tayar baya, duka a ɓangaren sarƙa. Ba haɗuwar tsautsayi ba ce: sifok ɗin wannan ɓangaren sun fi ɗaurewa tamau saboda gurbin da giyoyi suka ci, kuma su ne ba sa canzuwa sai an kwance giyoyin da ƙarfen da aka yi domin haka, wanda ba ni da shi. Haka na tura keke da kaya har yamma, taya tana goga birki. Da na duba jikin kariyar sai na ga an buga mata kilo 25, iyakar abin da za ta ɗauka ke nan. Yawancin kariyoyin baya haka suke, kuma rubutun yana nan a jikinsu, karantawa ce ba a yi. Ni na ɗora mata fiye da haka.

Yanzu jaka huɗu nake amfani da su, irin na mangala, biyu gaba biyu baya. Masu nauyi da ƙanƙanta, wato kayan gyara, risho, abincin gwangwani da ruwan ajiya, suna shiga jakunkunan gaba, a can ƙasa, kusa da tsakiyar taya. Irin wannan kariyar gaba mai sauka ƙasa kamfanin Blackburn na Amurka ne ya yayata ta, kuma galibi kilo 15 ne iyakarta. Tufafi da jakar barci, masu cika ido ba nauyi, suna baya. A saman kariya tanti da shimfiɗa kaɗai nake yarda su hau. Da yawa suna cewa kashi 60 baya, 40 gaba. Ni kusan raba daidai nake yi, don na fi son kan keke ya ɗan yi nauyin juyawa da ya riƙa rawa. Hagu da dama kuma sikeli nake sa musu. Hannu maƙaryaci ne.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin maganinsa bai kai minti biyu ba. Notin kariya! Duk wannan kayan a kan 'yan ƙananan notuna masu kaurin milimita 5 yake rataye, biyu a ƙasa kusa da tsakiyar taya, biyu a sama. Girgizar hanya tana kwance su a hankali. In ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya ɗauki nauyin shi kaɗai, sai ya gutsure ya bar guntunsa a cikin ramin firam, inda ba abin da zai kamo shi. Na taɓa kwana a gefen hanya saboda wannan, kariya ta zame ta danne taya, na ɗaure ta da waya ina ta jan tsaki. Ba wanda ya cuce ni. Kwana huɗu ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a baya ina cewa sai an isa masauki.

Don Allah ku riƙa duba notunan nan. Ni kowace safiya kafin in rataya jaka sai na bi su da makulli mai kusurwa shida, na milimita 4 ne ke shiga yawancinsu. Kafin tafiya ina ɗiga musu Loctite, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, mai ruwan bula, ba ja ba, don jan sai da wuta yake kwancewa. Ina riƙe guda huɗu na ajiya. A kula kuma da tsawon wanda ke ɓangaren sarƙa: in ya zarce ciki zai taɓa sarƙar idan ta sauko ƙaramar giya. Kariyar kanta ta ƙarfe nake so, irin ta kamfanin Tubus, ba ta alminiyon ba. Ƙarfe in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke shi, alminiyon kuwa sai ka yi yawon nema.

Sai yawan kayan kansa. Tsoro ne ke cika jaka: in an yi sanyi fa, in wannan ya lalace fa. Thomas Stevens, wanda ya fara zagaye duniya a keke, ya tashi daga San Francisco a 1884 ɗauke da safar ƙafa, riga guda ta canji, rigar ruwa da yake kwana a cikinta, da ƙaramar bindiga. Ban ce ka yi koyi da shi ba, amma wando biyar na mene ne? Al'adata ita ce duk abin da na dawo da shi ban taɓa ba, ban da kayan gyara da na magani, ba ya sake bina. Ruwa ne kaɗai ba na yi wa rowa, duk da kowace lita kilo guda ce cur.

Jakar goyo a baya ka manta da ita. Gumi ne da ciwon kafaɗa, ga ƙarin nauyi a kan mazaunai. Igiyar roba mai ƙugiya ma na daina: ko ta tsinke ta nufi ido, ko ta saki ta naɗe a taya. Maɗauri mai baƙal ya fi. Idan dunduniyarka tana bugun jakar baya, matsar da ƙugiyoyin jakar ta ja baya, kada ka koyi taka feda a karkace. Man risho ba ya zama jaka ɗaya da abinci.

Jakar barci kuwa, musamman mai gashin tsuntsu, da zarar ta jiƙe ta tashi daga aiki, kuma ba ta bushewa da wuri. Ko a cikin jakar Ortlieb da ruwa ba ya ratsawa sai na sa ta a leda tukuna, saboda jiƙaƙƙen tanti ko safa ɗaya mai laima da ka cusa ciki sun isa. Rigar ruwa, famfo da kayan faci su zauna a sama inda hannu zai kai. Na ga wanda ya zazzage jaka uku a cikin ruwan sama yana neman rigar ruwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin tashi ka ɗaura komai yadda za ka tafi da shi, har ruwan, ka nemi tudu mafi tsayi kusa da kai ka hau ka sauko. A hawan za ka gane ko giyarka mafi sauƙi ta isa. Ni in babu giya mai haƙori 24 a gaba da mai 34 a baya, ko abin da ya yi kusa da haka, ba na tashi da kaya. A saukowar kuma za ka ji yadda birki ke ƙara nisa kafin ya tsayar da kai. Ka kafa tantin a daren, ka naɗe da safe, ka ga ko zai koma jakar da ya fito.