Wankin alharini, tsamiya da ulu, da haɗin man korar sauro

Abin da ya fi kashe rigar tsamiya (wato alharinin daji) ko mayafin alharini shi ne sabulu mai ƙarfi. Alharini da ulu daga jikin halitta suka fito, irin gashin kanmu, don haka kanwa, sabulun soda da garin omo suna cin zaren har ya yi kaushi ya fara tsinkewa. Bilic kuwa narkar da shi yake yi, kada ma a kusantar da shi.

Kafin komai, a jiƙa farin ƙyalle a danna a cikin haɓar rigar. In launi ya fito, kayan na zuba ne, sai a wanke shi shi kaɗai. A zuba ruwa lita 5 a baho, mai sanyi ko ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, a narkar da cokalin shayi ɗaya na shamfun jarirai. A juya rigar ciki waje, a nutsa ta, a riƙa dannawa da tafin hannu kamar minti 3 zuwa 5. Ban da cuɗa, ban da buroshi, musamman wajen aikin wuya da aljihu. Ulu in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, gashinsa ke sarƙewa ya tsuke, kuma ba ya komawa yadda yake.

A ɗauraye sau biyu. A ruwan ƙarshe a sa babban cokali ɗaya na farin ruwan khal (wato binega), yana cire sauran sabulu ya dawo da sheƙi. Kada a murɗa. A shimfiɗa a kan tawul, a naɗe kamar tabarma, a danna. Shanya a inuwa, don rana na koɗar da launi ta raunana alharini; rigar ulu kuma a kwance, domin nauyin ruwa na miƙar da ita a kan igiya. Rinin shuni da aka buga, wanki na ɗauke ƙyallinsa, sai an mayar wa masu bugu.

Asu ya fi bin kayan da aka adana da gumi, saboda haka sai an wanke sun bushe sarai a sa a akwati, da busasshen ganyen darbejiya ƙulle a ƙyalle.

Don korar sauro lokacin zaman waje da yamma, a haɗa cokalin shayi ɗaya na man darbejiya da mililita 250 na man kwakwa, a girgiza a kwalba. A gwada kaɗan a hannu tukuna. In bai yi ƙaiƙayi ba, a shafa a ƙafa, hannu da wuya, a sabunta bayan awa biyu zuwa uku. Ban da ido, baki da jikin jarirai, kuma ba ya maye gurbin gidan sauro. A bari ya shiga fata kafin a sa tufafi, don tabon mai a alharini wuyar fita gare shi.