Ga mai neman tsohon gidan soro cikin birni

'Yan'uwa, mai son gidan ƙasa irin na da, mai zaure da zanko da rufin ɗaurin guga, kada ya zauna jiran dillali. Ka taka da ƙafarka cikin birnin Kano ko Zariya, ka gaida mai unguwa. Shi ya san gidan da magada ke son sayarwa, kuma irinsu sukan fi araha.

Ka je dubawa a watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Nan za ka ga inda rufi ke yoyo. Ƙwanƙwasa azara ko ta ruɓe, leƙa indararo, taɓa gindin katanga ko ya jiƙe. Yaɓe gyara ne mai sauƙi, sauya azara kuwa kuɗi ne.

Kada ka biya ko sisi sai kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu. In ka saya, don Allah kada ka rushe zauren nan.