Darasi na Tara: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A darasin da ya wuce mun koyi karanta lambobi masu ɗigo, irin su 0.5 da 0.01. Yau za mu yi aiki da su a kan ruwan da muke sha.

Duk mazaunin Legas ya san ruwan famfon gwamnati ba ya isa yawancin gidaje. Matatun Iju da Adiyan suna nan, amma garin ya fi ƙarfinsu. Rijiya da bohol su ne madogarar mutane, kuma 'yan'uwanmu 'yan garuwa ne ke tura kura lungu-lungu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende. Wasu unguwannin suna jingine da barikin soja, kamar na Ikeja da na Ojo da na Dodan. Wannan darasi ba zargi ba ne a kan wani bariki. Koyon bincike ne, domin duk wanda rijiyarsa ke kusa da inda ake tara mai da makamai da magunguna masu ƙarfi yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin gugarsa.

Karatu

Ku karanta wannan hira bi da bi, mutum biyu-biyu.

"Baba, barka da hantsi. Mutanen gidan nan na ƙarshen layi sun mayar mini da jarka huɗu, wai ruwan yana warin kananzir."

"Barka kadai, yaro. A ina ka ɗebo?"

"A bohol ɗin bayan katanga, inda na saba. Ga shi fari tas, Baba. Na ce musu su tafasa kawai."

"Ka sansana da kanka?"

"Na sansana. Akwai ɗan wari, amma ba sosai ba."

"To kada ka ƙara sayar da shi sai mun sani. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta kashe guba. Ɗauko littafinka ka rubuta ranar yau da sunan layin. Bayan la'asar mu je wurin Sarkin Hausawa."

Dattijon ya yi gaskiya. Wuta tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot domin masu rai ne. Dalma kuwa, wato ƙarfen nan mai guba, ba ta da rai, ba ta mutuwa. In ka tafasa ruwa mai dalma, ruwan ne ke raguwa ya bi tururi, dalmar ta zauna a tukunya ta ƙara kauri. In kuwa fetur ne a ciki, tururin yana ɗauke da gubar zuwa hancin mai girki. Alam yana kwantar da laka, kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma kada a dogara da su wajen cire guba. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai ido bai san komai ba: ruwa yana iya zama garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, alhali da guba a cikinsa.

Yadda guba ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa

Ruwan rijiya ba a tsaye yake kamar na randa ba. Yana tafiya a hankali tsakanin yashi da tsakuwa, daga tudu zuwa gangare, har ya faɗa rafi ko lagun. Ƙasar Legas yashi ya yi mata yawa, kuma a wurare da dama ba ka yin nisa da haƙa kake tarar da ruwa. Wannan sauƙin shi ne kuma haɗarin. Abin da aka zubar a ƙasa ba ya daɗewa yake isa ruwan, musamman da damina. Katanga tana tare mutum, ba ta tare ruwan ƙasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Fetur da man gas da kananzir sun fi ruwa rashin nauyi, sai su yi ta yawo a samansa, shi ya sa rijiya mara zurfi ke fara nuna su. Wasu magungunan wanke injuna kuwa sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi can ƙasa. Saboda haka zurfin bohol kaɗai ba shaidar tsabta ba ne, balle in ba a toshe gefen bututun da siminti yadda ya kamata ba.

A wurin horar da soja, ga inda guba kan fito: tankunan mai da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, garejin motoci da jirage inda ake zubar da baƙin mai da maganin wanke inji, filin harbi inda dalmar harsashi ke taruwa a ƙasa shekara da shekaru, da ragowar albarushi da nakiya. Sai kuma kumfar kashe gobarar mai, wadda ake fesawa a lokacin atisaye. A cikin irin wannan kumfa akwai sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa, kuma suna daɗewa ƙwarai a jikin mutum.

Ba a littafi kaɗai abin yake ba. A Amurka, a sansanin sojan Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa, sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha gurɓataccen ruwa tsakanin 1953 da 1987. An samu maganin wanke inji da benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin fetur, a rijiyoyinsu, kuma sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya a kotu. Ku lura da wani abu: wani ɓangare na gubar daga shagon wankin tufafi ya fito, wanda ke wajen sansanin. Da an tsaya a kan zato, da ba a gano shi ba. A Ostireliya ma, kumfar kashe gobara daga sansanin horar da sojan jiragen sama na Oakey ta shiga ruwan ƙasa, har aka gargaɗi mutanen garin su daina shan ruwan bohol ɗinsu.

A gida kuma muna da namu. A Baruwa ta yankin Ipaja, nan cikin Legas, man da ya yoyo daga bututu ya ɓata rijiyoyin unguwa tun cikin shekarun 1990. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin a ruwan rijiya fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Mutanen Zamfara da ke ajin nan kuwa ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ta yi a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Dalma ta fi cutar da ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya cika dawowa.

Littafin rijiyoyi

Nan ne amfanin karatunku zai fito. In mutum goma suka je ofis suka ce "ruwanmu ya lalace", za a ba su haƙuri su koma. In suka ajiye littafi mai kwanan wata da sunan layi da abin da aka gani, dole a buɗe a duba.

Ku sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi. Kowace rijiya ko bohol a ba ta shafinta da lambarta. A rubuta layin da take, zurfinta in mai gida ya sani, shekarar da aka haƙa ta, da gidaje nawa ke sha. Kowane mako a ɗebi ruwa a kofin gilas a duba: launi, wari, ko akwai maiƙo mai walƙiya a sama, ko kumfa da ba ta kwanciya. Kada a ɗanɗana ruwan da ake shakka. Ranar da ba a ga komai ba ma a rubuta "ba a ga komai ba", domin ita ma shaida ce.

A shafin tsakiya ku zana taswirar unguwa. Ku sa katangar bariki, amma ku sa gidan mai da garejin kanikawa da wurin masu gyaran batir da marina da bola da sokawe. Ku ja kibiya zuwa inda ruwan sama ke gangarawa. Mata su ne suka fi sanin ranar da ruwa ya canza, domin su ke wanki da girki da shi, saboda haka a tambaye su kafin kowa. Tsofaffin masu haƙar rijiya ma sun san cikin ƙasar unguwa fiye da mai gida.

A kiyaye abu uku, kuma ina roƙonku da gaske. Kada kowa ya haura katanga ko ya ɗauki hoton bariki, wannan zai jawo muku fitina ya kuma ɓata binciken. Kada kowa ya shiga yasar rijiyar da ke warin mai, ko ya kusance ta da ashana ko taba, domin iskar cikinta tana shaƙe mutum, tana kuma kama wuta. Na uku ga masu sana'ar gwangwan ne: duk ƙarfen da ba ku gane ba a kusa da bariki, ku bar shi a inda yake ku sanar da hukuma. Ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe ranar 27 ga Janairu 2002, mutane fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu a ruwan Oke-Afa suna gudun tsira. Har a 2023 sojoji sun yi aikin kwashe ragowar bama-baman da ba su fashe ba a wurin.

Kai ruwa gwaji

Gwaji yana cin kuɗi, saboda haka aikin unguwa ne, ba na mutum ɗaya ba. A yi karo-karo ta hannun Sarkin Hausawa da liman da ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA. Kada a ware maƙwabta Yarabawa da Ibo da sauransu, ruwa ɗaya kuke sha. Iyalan sojan da ke cikin bariki ma haka.

Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana Alausa a Ikeja. Akwai LASWARCO mai sa ido kan harkar ruwa a jihar, da NESREA, hukumar kare muhalli ta gwamnatin tarayya. Jami'ar Legas da ke Akoka ma tana da masana ruwa da sinadarai.

Ku je ɗakin gwaji tukuna kafin ku ɗebi ruwan. Gwajin yau da kullum yakan duba ƙwayoyin cuta da gishiri da tsami da ƙarfe ne. Ba ya ganin abin da ba a ce a nema ba. Ku faɗa musu ƙarara cewa kuna son a duba dalma da mai da benzin da maganin wanke inji da nitiret, wato sinadarin da ke shiga ruwa daga taki da sokawe. Gwajin PFAS da na ragowar nakiya na bukatar na'ura ta musamman, ku tambaya ko suna da ita ko za su aika wani wuri.

Ku karɓi kwalaben daga wurinsu. Kada a yi amfani da gorar lemo ko tsohuwar jarka. In bohol ne, a bar famfo ya zuba na wasu mintoci, kuma a ɗeba kafin ruwan ya shiga tanki. Kwalbar gwajin mai ta gilas ce, ana cika ta har baki ba a barin iska. A rubuta lambar rijiya da kwanan wata da lokaci a jikin kowace, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai a ranar. A ɗebi ruwa a rijiyar da ke kusa da katanga, da wadda ke can gangare, da kuma wata da ke tudu nesa da wurin. Wannan ta ukun ita ce ma'auni: in ita ma tana da gubar, to a nemi tushen a wani wuri. A gwada da rani, a sake da damina.

Takardar sakamako takan zo da layuka. Ɗaya na abin da aka samu, ɗaya na iyakar da aka yarda. Alamar mg/L tana nufin miligiram a kowace lita. Haruffan ND suna nufin na'urar ba ta gano abin ba. Iyakar dalma a ruwan sha 0.01 mg/L ce, a ma'aunin Nijeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Iyakar benzin a wurin Hukumar ita ma 0.01 ce. Ta nitiret 50 ce, kuma yawansa ya fi haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida. A yi hattara da ɗigo: 0.1 ya ninka 0.01 sau goma, ko da yake a ido sun yi kama.

Kafin sakamako ya fito, rijiyar da ake shakka a daina sha da girki da dama kokon yara da ruwanta. Mai ciki da mai shayarwa da yara su ne na farko da za a nema wa wani ruwan. Na san wannan yana da nauyi ga ɗan garuwa, domin ƙarin nisa ƙarin wahala ne, ga cinikin yini ya ragu. Amma gidajen da yake kai wa sun amince da shi ne ba tare da sun ga inda ya ɗebo ba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi kuma ta fita daga aikin ruwa har abada, komai wankin da aka yi mata.

In sakamako ya nuna guba, a rubuta takarda zuwa LASEPA, a haɗa da kwafin sakamako da na taswira. A kai kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da kwamandan barikin, cikin ladabi, ta hannun shugabannin unguwa. Duk inda aka kai, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Takardar asali ta zauna a wurinku. A kuma kai yara asibiti a nuna wa likita sakamakon.

Aiki

1. Takarda ta nuna dalma 0.05 a rijiya ta uku. Sau nawa ke nan ta ninka iyaka?
2. Me ya sa ake ɗibar ruwa a rijiyar da ke tudu, nesa da katanga?
3. Zana taswirar layinku, ka sa kowace rijiya da kowane wurin da ake zubar da mai.
4. Cike guraben nan a littafinka, da hannunka: "Mu mazauna layin ______ a unguwar ______ muna sanar da ku cewa tun ranar ______ ruwan rijiyoyinmu guda ______ yana ______. Muna roƙon a turo ma'aikata su gwada shi."

Mako mai zuwa kowa ya zo da taswirarsa da shafin rijiya ɗaya a cike.