Yadda za ka gane ko antibairos ɗinka ƙazafi yake wa manhajar da ka sauke

Ka sauke manhaja, ka ƙona datarka kusan rabin giga, kana danna ta sai Windows Defender ya yi wuf ya kwashe fayil ɗin ya ce wai Trojan ne, wato muguwar manhaja mai ɓoyewa a cikin ta kirki. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu kashe antibairos ɗin gaba ɗaya mu sake saukewa, kuma wallahi nan ne ake samun matsala, don wani lokacin da gaskiyarsa. Wani lokacin kuma kuskure yake, ai a Afrilun 2010 antibairos ɗin McAfee ya taɓa kama svchost.exe, fayil ɗin Windows XP na kanta, ya ce bairos ne, kwamfutoci suka yi ta mutuwa suna tashi. To ga yadda nake bi kafin in yanke hukunci.

Da farko ka tambayi kanka daga ina ka ɗauko shi. In daga shafin kamfanin da ya yi manhajar ne, mu ci gaba. In kuwa kirak ne, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, ko wani ya turo maka a Telegram, ko mai shagon gyara ya zuba maka a filash, ka tsaya nan, bari kawai ya goge. Masu raba kirak kullum cewa suke "kashe antibairos, ƙarya yake", kuma a cikin irin waɗannan fayilolin ake cusa masu satar kalmar sirri.

Sai ka buɗe Windows Security, ka shiga Protection history ka karanta sunan da ya ba abin. Sunan yana magana sosai. In ka ga irin Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, wannan !ml ɗin na ƙarshe yana nufin na'ura ce ta yi hasashe daga kamannin fayil ɗin, ba wai an san shi ba ne. Haka ma in ka ga Generic ko Heur a cikin sunan, su ma hasashe ne. Ƙananan manhajoji da mutum ɗaya ya rubuta, musamman waɗanda aka naɗe da PyInstaller (abin da ke haɗa manhajar Python ta zama fayil ɗin .exe), suna yawan faɗawa wannan tarkon saboda sababbi ne kuma ba su da sa hannun dijital, wato hatimin da ke nuna wanda ya yi manhajar. PUA kuma yana nufin manhajar da wataƙila ba ka so, irin mai cusa talla, ita ma ba abin a yi sake da ita ba ce.

Na uku, VirusTotal. Shafi ne kyauta da Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da injinan antibairos kusan 70 a lokaci guda. Ka ɗora fayil ɗin ka jira. In biyu ko uku ne kawai suka yi ihu, su ma da sunan Generic, manya irin su Kaspersky da ESET da Bitdefender sun yi shiru, to alama ce mai ƙarfi ta ƙazafi. In sun kai ashirin ko talatin, kar ka yi gardama da su. Amma don Allah kar ka ɗora takardunka na sirri a can, abin da aka ɗora masu bincike suna iya ganinsa.

Daga nan ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, Properties, ka duba Digital Signatures ko sunan kamfanin ne a jiki. In shafinsu ya wallafa lambar SHA-256, wato doguwar lambar da ke zama kamar zanen yatsan fayil, buɗe PowerShell (wurin rubuta umarni a Windows) ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ka gwada lambobin biyu, dole su zo daidai harafi da harafi. Sa hannu kaɗai dai bai isa ba, manhajar share shara ta CCleaner 5.33 a 2017 da sa hannunsa ya fito kuma da cuta a cikinsa, shi ya sa nake haɗa duka matakan ba na dogara da ɗaya.

In duk sun yi kyau, koma Protection history ka zaɓi Restore ko Allow on device. In sai ka sa Exclusion, wato ka ce wa Defender ya daina duba wani abu, to ka sa wa fayil ɗin shi kaɗai, kar ka kuskura ka ware Downloads gaba ɗaya, don duk abin da ya faɗo can daga baya ba mai duba shi.

Saura abu ɗaya da mutane ba sa yi, ka tura fayil ɗin a shafin Microsoft Security Intelligence inda ake miƙa fayil don bincike, ka nuna cewa kuskure aka yi wajen kama shi, ka kuma sanar da mai manhajar. In sun tabbatar, sabuntawar Defender ta gaba za ta daina kama shi, sai ka koma ka cire Exclusion ɗin da ka sa.