Kurakuran da aka fi yi wajen neman tsofaffin labaran zane na 'yan mata masu jigon musayar matsayi

Daga shekarun 1950 zuwa 2001, mujallun 'yan mata na Birtaniya irin su Bunty da Judy da Mandy da Tammy da Jinty sun buga dubban labarai masu zane, shafi biyu ko uku kowane mako. Mai neman ɗaya daga cikinsu bayan shekara talatin ko arba'in yakan zo da bayani guda: "yarinya biyu ne suka yi musayar matsayi." A nan ake fara ɓata hanya, domin wannan jigo yana da yawa ƙwarai, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Sai a fara tantance wace musaya ce. Akwai jariran da aka sauya a asibiti, gaskiya ta fito bayan sun girma. Akwai tagwayen da ɗaya ta tafi makarantar kwana a madadin 'yar'uwarta. Akwai mai sojan gona da ta shiga gidan masu kuɗi da sunan magajiyar dukiya, ta ainihin kuwa tana wanke-wanke a madafa. Akwai wadda hatsari ya shafe mata tunani aka laƙaba mata sunan wata, sannan akwai musayar jiki ta hanyar tsafi, da madubi ko zobe. Tambayoyi uku ne suke rage tarin: da yardar su biyun aka yi ko dole aka yi wa ɗaya, wa ya san sirrin, kuma a wane zamani labarin ya faru. Irin na 'yar aiki da uwar ɗakinta an fi sa shi a zamanin Sarauniya Biktoriya. Irin na tsafi kuma ya fi kama da na mujallun Misty ko Spellbound ko Jinty. Ƙaramin abin da ya maƙale a ƙwaƙwalwa, kamar tabo a wuyan hannu, ko karen gida da ya ƙi yarda da baƙuwar, ko sarƙa mai hoto a ciki, ya fi taƙaita labarin gaba ɗaya amfani.

Kuskure na biyu ya fi cin lokaci: amincewa da sunan mujallar da mutum yake tunawa. Mujallun nan sun yi ta haɗiye juna. Idan ciniki ya ja baya, sai a narkar da ƙaramar cikin babbar, a kwashi wasu labaranta a ci gaba da su can. Tammy, wadda kamfanin IPC na Landan ya fara a 1971, ta haɗiye Sally a 1971, June a 1974, Misty a 1980, Jinty a 1981. A ɓangaren DC Thomson na birnin Dundee a Sukotland, Spellbound ta shiga Debbie a 1978, Debbie ta shiga Mandy a 1983, Mandy da Judy suka haɗe a 1991, haɗakar kuma ta shiga Bunty a 1997. Saboda haka wadda ta rantse a Tammy ta karanta labari, mai yiwuwa ne ya fara a wata mujallar. Gyaran shi ne a nemi kamfani kafin mujalla. Kamfanonin biyu ba sa musayar labarai, don haka da an gane gidan, an zubar da rabin aikin. A tuna wasu labaran da suke cikin fitowa ɗaya da wanda ake nema. Idan akwai 'yan matan nan huɗu na makarantar kwana masu suna Mary duka, to Bunty ce, babu tantama.

Shekara ma ana yawan kuskurenta, ta hanya biyu. Kundin shekara, wato littafin mai kauri da bango mai tauri da ake saya wa yara lokacin Kirsimeti, yana ɗauke da shekarar da za a shiga ne. Wanda aka rubuta 1979 a kansa ya fito kasuwa tun ƙarshen 1978. Na biyu, kamfanonin sukan sake buga tsohon labari bayan wasu shekaru, da lissafin cewa masu karatun farko sun girma sun tafi. Wani lokaci har a sauya masa suna, ko a ba wani mai zane ya sake zana shi, ko a ɗauko wanda asalinsa zube ne da hoto ɗaya a mai da shi na zane. Mutum biyu za su yi ta gardama, ɗaya ta ce 1972 ɗaya ta ce 1983, alhali kowa da gaskiyarta. Akwai alamomin da ba sa ƙarya. Farashin da ke bango idan da harafin d yake, fitowar ta riga 15 ga Fabrairu 1971, ranar da Birtaniya ta koma sabon tsarin kuɗi. Idan p ne, bayan nan ce. Labarin da aka yi da hotunan kyamara maimakon zane kuwa sai a fi nemansa daga shekarun 1980.

Ana kuma mantawa da siffar abin da aka riƙe a hannu. Mujallar mako takardar jarida ce, yawancin cikinta baƙi da fari, labari yana tafiya kashi-kashi na makonni. Akwai kuma ƙananan littattafan aljihu masu shafi 64, labari ɗaya daga farko har ƙarshe, da suke fita da sunan Bunty ko Judy ko Mandy ko Debbie, da lambobinsu daban. Wadda ta karanta labarin a zama ɗaya, to ta daina tonon fitowar mako, ta koma waɗannan ko kundin shekara.

Neman labari ta sunan marubuci yawanci ɓata lokaci ne, domin ba a sa sunan marubuci ko mai zane. Tammy dai ta riƙa sa su a 'yan shekarunta na ƙarshe. Masu zanen da yawa 'yan Sifaniya ne da suke aiki ta hannun dillalai a Basalona, kuma an fassara labarai da dama a mujallar Tina ta Holan da sababbin sunaye. Don haka idan ana tattauna labari, a bambanta "sa hannunsa yana kusurwar shafi" da "salon ya yi kama da nasa." Hasashen da aka faɗa kamar tabbas yakan yaɗu har ya zama abin da kowa ke maimaitawa. Sunan jarumar ya fi taimako, tunda sunayen labaran sukan haɗa sunanta da wata kalma mai harafin farko iri ɗaya.

Wajen saye, kada a sayi tarin fitowa barkatai da fatan dacewa. A fara gano lambar fitowar da labarin ya fara da wadda ya ƙare, sannan a nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton shafin labarin, ba bango kaɗai ba. Bunty tana da tarko nata: bangon baya yana ɗauke da 'yartsana da kayan sawarta na yankawa, yara kuwa sun yanke, abin da ke bayan shafin ya tafi da shi. Wanda ke Birtaniya zai iya duba ɗakin karatu na British Library ko na ƙasar Sukotland da ke Edinbara, inda doka ta tanadi a ajiye abin da aka buga. Tsofaffin labaran IPC yanzu suna hannun kamfanin Rebellion na Okusfod, wanda ya saye su a 2016 da 2018 ya kuma sake buga wasu, amma kaɗan ne daga cikin tarin.

Mai neman ƙarshen labari a Tammy ya lura da shekarar 1984. Yajin aiki ne ya tsayar da mujallar a tsakiyar shekarar, ba ta kuma dawo ba, wasu labaran suka tsaya ba a buga kashinsu na ƙarshe ba. Idan fitowar da ke hannu ita ce ta ƙarshe, ta 23 ga Yuni 1984, kuma labarin bai warware ba, babu wata fitowa bayanta da za a nema.