Hutu a tsibiri mai nisa: kurakuran da mutanenmu suka fi yi da yadda za a gyara su

Tafiya hutu zuwa tsibiri ta daina zama labarin Turawa kaɗai. Yanzu za ka ji ango a Gombe yana shirin kai amaryarsa Zanzibar, ko ɗan kasuwa a Bauchi da ya daɗe bai rufe shago ba yana tambayar kuɗin zuwa Maldives. Abin farin ciki ne, domin jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke kashe kuɗin da suka daɗe suna tarawa, su dawo a gajiye fiye da yadda suka tafi. Kusan duk matsalar tushenta ɗaya: mutum ya ga hoton farin yashi da ruwa garai-garai a Instagram, ya biya kuɗi, ya manta cewa nisan da ya sa wurin ya yi tsit shi ne zai wahalar da shi idan bai yi masa shiri ba.

Ƙirga kwanaki ba tare da hanya ba

Mutumin Legas yana iya cewa zai je hutun kwana biyar ya kuma samu kusan biyar ɗin. Mu ba haka muke ba. Daga Bauchi ko Gombe sai ka fara kai kanka Abuja ko Kano, sannan ka hau jirgin da zai ya da zango a Adis Ababa ko Doha, sannan ka sauka a babban tsibiri, kuma sau da yawa nan ma ba ƙarshen tafiya ba ne. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, me ya rage a cikin biyar? Idan ba za ka iya ware kwana takwas zuwa goma ba, gara ka jinkirta, ko ka zaɓi wurin da mota ke kai ka masauki daga filin jirgi, kamar babban tsibirin Zanzibar.

Maldives ce ta fi kama mutane a nan. Ƙasa ce mai tsibirai kusan 1,200 warwatse a Tekun Indiya, kuma yawancin baƙi a filin jirgin Velana suke sauka, kusa da babban birni Malé. Otal ɗin da ya yi nisa sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ake zuwa, shi kuwa wannan jirgi da rana kawai yake tashi. Wanda ya sauka da yamma lis sai ya nemi wurin kwana kusa da filin jirgi, ya biya, alhali ɗakinsa mai tsada yana can ba kowa a ciki, an kuma riga an caje shi. Gyaran mai sauƙi ne: kafin ka sayi tikiti, tura wa otal ɗin lokacin saukarka, su tabbatar maka a rubuce cewa za ka isa a ranar.

Akwai kuma hazo. Watannin da Maldives ta fi daɗi, daga Disamba zuwa Afrilu, farkonsu ya faɗo daidai lokacin hunturu a nan, lokacin da ƙura ke sa a jinkirta ko a soke tashin jirage a Bauchi da filin jirgin Gombe da ke Lawanti. Tikitin cikin gida da na ƙasar waje galibi daban-daban ake sayensu, don haka idan na gida ya makara ka rasa na waje, kamfanin waje ba ruwansa. Ka tafi Abuja ko Kano tun ana gobe, ka kwana a can. Kuɗin kwana ɗaya bai kai asarar tikitin mutum biyu ba.

Takardu

Da yawa suna ɗauka cewa duk ƙasar Afirka ana shiga da fasfon Najeriya kai tsaye. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ba a ba wa 'ya'yansu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da ficen ƙasar ta tantance, abin da ke iya ɗaukar makonni. Kada ka biya otal kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Tun daga 1 ga Oktoba, 2024 kuma, Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da kana da wata inshorar. Maldives tana ba da izinin kwana 30 kyauta idan an sauka, amma sai ka nuna tikitin komawa da shaidar masauki, ka kuma cike fam ɗin Imuga ta intanet cikin awa 96 kafin isowa. Seychelles kuwa ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya a 2023, saboda haka kada ka saya mata tikiti sai ka ji matsayin yau daga hukumominta da kansu, ba daga bakin ejan ba.

Katin rigakafin cutar shawara shi ake mantawa sai ana saura kwana biyu. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma idan an yi ta sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata shida aƙalla.

Ɗaukar daminarmu a matsayin ta kowa

Mu mun san ruwa daga Yuni zuwa Satumba, sai mutum ya ce bari ya tafi a Afrilu tunda lokacin zafi ne. A Zanzibar, Maris zuwa Mayu shi ne tsakiyar babbar damina, wadda suke kira masika, har wasu otal-otal kan rufe. Akwai ƙaramar damina a Nuwamba da Disamba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, iska mai sanyi, sama tas. A Maldives kuwa iskar damina tana kaɗawa daga Mayu zuwa wajen Oktoba. Idan ka ga an karya farashin ɗaki da rabi, fara duba watan kafin ka yi murna. Ba laifi ba ne a je a lokacin araha, in dai an san abin da aka saya.

Teku ba Wikki ba ce

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne kuskure ke iya zama asarar rai. Yawancinmu iyon da muka iya a maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari muka koya, ko a rafi, ko a gefen madatsar Dadin Kowa da Gubi. Ruwan Wikki ɗumi ne, kana ganin ƙasansa, yadda ka bar shi da safe haka za ka same shi da yamma. Teku kuwa tana cika tana janyewa kusan sau biyu a kowace rana. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, idan ta janye sai ka ga ruwan ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili mai laushi da 'yan kududdufai, mata sun shiga da zannuwansu suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da suke ci da ita. Baƙo ya ga haka sai ya bi filin yana ɗaukar hoto, ya yi nisa, bai san ruwan ya fara dawowa ta gefensa ba. Tambayi masu masauki lokacin cika da janyewa kowace safiya. Suna da jadawalin. Wanda burinsa ya yi iyo a kowane lokaci, arewacin tsibirin ya fi masa, wato Nungwi da Kendwa, inda ruwan ba ya janyewa sosai.

Kada a taka wannan fili da ƙafa ba takalmi. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, ga kuma murjani mai yanka. Takalmin roba mai rufe ƙafa ya isa.

Wani haɗarin shi ne igiyar ruwa mai jan mutum zuwa ciki. Wanda ta kama, abin da zuciyarsa za ta ce masa shi ne ya yi ta iyo kai tsaye zuwa gaɓa, nan kuwa ƙarfinsa zai ƙare. Abin yi shi ne a yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har a fita daga cikinta, ko a kwanta a kan ruwa a ɗaga hannu. Idan za a shiga kwale-kwale zuwa kallon kifaye, a sa rigar ceto, babba da yaro, kuma duk mai kwale-kwalen da ya ce ba shi da ita a bar shi a nemi wani. Ba na ganin jarumta a ƙin sa ta.

Uwargida da amarya, ku ma ga naku: shiga teku da dogon hijabi da zani haɗari ne, domin idan yadi ya sha ruwa nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa. Ana sayar da kayan iyo masu rufe jiki daga kai har ƙafa, marasa nauyi. A saye su tun daga gida, a gwada su. Sannan kada wani ya ce shi ɗan Gombe ne, ya saba da rana. Farin yashi da ruwa suna mayar wa mutum da hasken, baƙar fata ma tana ƙonewa ta sale. A shafa man kare fata, a riƙa shan ruwa, a bar bakin teku daga hantsi zuwa bayan azahar.

Farashin da aka gani ba shi ne farashi ba

A tsibirin da otal ɗaya ya mallaka, babu mai shayi a bakin titi, babu mai tsire, babu kanti na gaba. Kicin ɗaya ne, kuma abin da suka rubuta shi za ka biya, har ruwan sha. Mutum ya zaɓi ɗaki da karin kumallo kawai don ya rage kuɗi, sai abincin rana da na dare su cinye guzurinsa cikin kwana uku. A irin wannan wuri, tsarin da ya haɗa abinci sau uku ya fi sauƙi. A Maldives ana ɗora kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 daga Yulin 2025, da harajin muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare a manyan otal-otal. Jirgin da zai kai ka tsibirin shi ma ɗaruruwan daloli ne a kan kowane mutum, kuma ba kasafai yake cikin farashin da ake tallatawa ba. Ka nemi jimillar kuɗi gaba ɗaya a rubuce.

A ganina, mafi yawan mutanenmu sun fi dacewa da tsibiran da 'yan ƙasar ke zaune. Tun 2009 aka ba su damar buɗe gidajen saukar baƙi, kuma tsibiri irin Maafushi ya yi suna a kan haka. Kuɗin bai kai na manyan otal-otal ba ko kusa, akwai masallaci, kana jin kiran salla, ba a sayar da giya a kan tsibirin, kuma tekun dai ita ce. Sai dai a kula, yawancin jiragen ruwan haya na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a.

Kada a dogara da katin banki ɗaya. Ka tambayi bankinka ko katin yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire, ka kuma riƙe dala a hannu. Wajen 'yan canji ka zaɓi sababbin takardu masu tsabta, domin tsofaffi da yagaggu ana ƙin karɓarsu a wurare da yawa.

Salla da abinci

Mun saba da cewa alƙibla gabas take, har kalmomin biyu sun kusa zama ɗaya a bakinmu. A Zanzibar, Makka tana kusan arewa sak. A Maldives tana yamma maso arewa. Wanda ya shimfiɗa darduma ya fuskanci mafitar rana a Malé ya kusa juya wa Ka'aba baya. A tambayi ma'aikata, ko a duba alamar da ake mannawa a ɗaki. Agogo ma haka: Zanzibar tana gabanmu da awa biyu, Maldives da awa huɗu, kuma wasu otal-otal na Maldives suna ƙara awa ɗaya a agogonsu don baƙi su more hasken yamma. Idan kana bin jadawalin salla na waya, ka tabbatar da wane agogo kake kallo.

Kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya nufin duk abin da ke kan teburin otal halal ne. Manyan otal-otal suna dafa wa baƙi daga ko'ina, da naman alade da giya a wasu girke-girke. A tambaya, ba abin kunya ba ne. Abincin teku kuwa halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, sai dai cikin da bai saba da ƙaguwa da jatan lande ba a fara masa da kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a jakar hannu, domin ƙaramin tsibiri ɗan ɗakin shan magani kawai gare shi.

Mayar da hutu aiki

Wanda ya kashe kuɗi mai yawa yakan ji dole ya ga komai: yau gonar kayan ƙamshi, gobe tsohon garin Stone Town, jibi tsibirin kunkuru, gata Pemba, kullum tashi da asuba a shiga mota. Ga waya ba ta daina ƙara, yaron shago yana tambayar farashi, 'yan'uwa suna son a kira su ta bidiyo su ga teku. Masauki ɗaya ya isa, fita biyu ko uku sun isa. Ka damƙa shago ko ofis a hannun wanda ka yarda da shi, ka ware awa ɗaya bayan isha don amsa saƙonni, sauran lokacin wayar ta zauna a ɗaki. Idan da yara ƙanana, a raba duba su tsakanin maigida da uwargida, kada hutun ya zama na mutum ɗaya.

Tsaraba a bar ta sai kwana na ƙarshe. Kanumfari, kirfa, citta da barkonon Zanzibar ba su da nauyi kuma kowace uwa za ta yi murna da su. Murjani da ƙoƙon bayan kunkuru kuwa a bar su inda aka gan su, domin doka ta hana fita da su, kuma ana iya tsare mutum a filin jirgi a kansu.